Bargon jariri mai gida-gida da lissafin da ba a yi wa masaƙiya

Kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da suna, kuma a cikinsu ɗakin mai jego a Nassarawa GRA yakan cika da kayan barka: turamen atamfa, sabulai, kayan sawar jariri, da barguna masu laushi cikin jakar leda mai zif, waɗanda akasarinsu daga masana'antun ƙasar Sin suka fito, suka biyo ta Kantin Kwari ko Sabon Gari. Jefi-jefi akan tarar da bargo guda da ya fita daban, wanda wata mace ta saƙa da kwarashi, mai gida-gida fari da shuɗi. Shi 'yan barka suke ɗagawa su jujjuya suna yabawa. Shi ne kuma wanda aka fi tsananta ciniki a kansa kafin a biya.

Tsananin cinikin ya samo asali ne daga auna bargon da ma'aunin da ba nasa ba. Mai saye tana kallonsa tana tuna farashin na kanti, alhali hanyar samuwarsu ba ɗaya ba ce. Saƙar allura biyu ta sami inji tun 1589, lokacin da William Lee ya ƙera na'urar saƙa safa a Ingila. Saƙar kwarashi kuwa har yau ba ta da injin da ke yin ta a masana'anta. Abin da ake sayarwa da kamanninta kwaikwayo ne. Duk ƙullin da ke jikin bargon kwarashi na gaske, hannun mutum ne ya zargo shi.

Zanen gida-gida yana ƙara wa aikin nauyi, domin asalinsa na masaƙa ne. A kan masaƙa, idan aka jera zaren tsaye fari da shuɗi, ƙoshiya ta ratsa su da fari da shuɗi, launi na uku yana fitowa da kansa a duk inda biyun suka haɗu. Kwarashi ba shi da zaren tsaye da na kwance, zare guda yake ja. Saboda haka dole masaƙiya ta nemo launi na uku, wato shuɗi mai haske, ta riƙa sauya zare bayan kowane 'yan ƙulli, tana binne wanda ta ajiye a cikin saƙar yadda ba zai leƙo ba. In ta ja shi da ƙarfi bargon ya tattare, in ta sassauta ya yi lilo a baya, inda yatsan jariri zai iya sarƙewa. Kuskuren ƙirga guda ɗaya yana karkatar da gida, kuma ba shi da magani sai warwara.

Lissafin ba shi da wuya. Bargo mai santimita 90 tsawo da faɗi, a matsattsiyar saƙa, zai ci ƙulli kamar 135 a kowane layi, a layuka kamar 150, wato ƙulli sama da 20,000. Hannun da ke yin ƙulli 20 a minti zai shafe kusan awa 17 babu tsayawa. Idan aka haɗa da sauyin launi, da bakin bargo, da ɓoye jelar zare, awa 30 ba ta yi yawa ba. A 2024 gwamnatin Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 71,000 a wata. In aka raba shi kan awa 160 na aiki, awa ɗaya ta kama kimanin naira 440. Ladan hannu kaɗai ya haura naira 13,000, a farashin ma'aikaci mafi ƙanƙantar matsayi, kafin a sa kuɗin zare da na motar zuwa kasuwa. Duk tayin da ya gaza wannan, ma'anarsa masaƙiya ce ta biya wani ɓangare na kyautar da wata za ta kai gidan suna ta karɓi godiya.

Wasu suna ɗaukar gida-gida a matsayin baƙon zane, na mutanen Sikotilan da suka buɗe masa rajistar hukuma a 2009, ko ma na jakar nan da ake kira Ghana Must Go. Amma Kano ta san shi tun da daɗewa. Saƙi, wanda ake ɗinka manyan riguna da shi, ƙananan gidaje ne na fari da shuni masu kama da jikin zabo. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da birnin da arzikinsa ya dogara kan saƙa da rini, tufafinsa suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Gwado da luru su ne bargunan gidajen Hausawa. Ba doka ce ta kore su ba. Yadi mai araha ne ya shigo, musamman bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, masu hali suka fara juya baya, masaƙa suka ga 'ya'yansu ba za su ci abinci da sana'ar ba. Masaƙun zamani na Bompai da Sharada da Challawa su ma haka ta faru da su daga baya.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Bargon Sin ya rufa wa talaka asiri. Uwar da mijinta ke tura baro tana iya lulluɓe ɗanta a daren hunturu da kuɗi kaɗan, kuma babu mai hankalin da zai so a hana ta. Sai dai maganar nan ba da ita ake yi ba. Ana yi ne da likita da lauya da ma'aikaciyar banki da ke zaune a Lamido Crescent ko Sultan Road, wadda ba ta neman ragi a kantin zamani da aka manna farashi, amma idan masaƙiya ta turo hoto ta WhatsApp sai ta ce a rage rabi, tunda "a gida take yi". Kayan hannu ba su da kasuwa sai a wurin masu iya biya, kuma a Kano yawancinsu a irin waɗannan unguwanni suke.

Wadda ta biya cikakken farashi tana da damar da kanti ba ya bayarwa, wato ta faɗi abin da take so. Yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwa na roba ne, daga sinadaran man fetur, ba ya tsotse gumi, kuma narkewa yake idan ya taɓa wuta. A garin da zafin Afrilu ke kai digiri 40, zaren auduga ya fi dacewa da fatar jariri, ko da ya fi tsada da nauyi. Tana iya neman matsattsiyar saƙa marar manyan ramuka, ba tunku ba duwatsun ado. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar kada a bar sakakken bargo a shimfiɗar barcin yaron da bai shekara ba, don haka amfaninsa na ɗauka ne, da shimfiɗawa a ƙasa, da zuwa asibiti rigakafi.

Su ma masaƙan akwai gyara a wajensu. Da yawa suna sa farashi ne ta hanyar ninka kuɗin zare, ba su taɓa rubuta awannin da suka zauna ba. Littafi ɗan ƙarami da biro sun isa: ranar farawa, awannin kowace rana, ƙunshin zare nawa ya shiga, sannan a karɓi rabin kuɗi kafin a ɗaura ƙullin farko.