MOTA RUMBU CE MAI TAFIYA, A WANKE TA KAFIN LODI

 Maganarmu ta yau a kan wankin mota ce. Wani zai ce, me ya haɗa takardar farashi da wankin mota? To, farashin da ku ke karantawa a nan farashin kaya mai lafiya ne. Buhun da ya iso yana warin gas, ko yana motsi da ƙwaro, ko gindinsa a jiƙe, ba ya samun wannan kuɗi ko da dillali ya fi kowa baki. Don haka ra'ayinmu shi ne kada a ɗora buhu ko ɗaya a mota sai an share ta, an wanke ta, ta bushe. Kayan aikin kuwa ba sai an je kanti ba, suna nan cikin gidan kowa.

Mota ba ta zama wuri ɗaya. Tirelar da ta kai shanu Legas daga Potiskum ko Maigatari, ita ce za ta juyo da gishiri ko siminti ko manja. Ta sauke, ta ɗauki takin zamani ta kai ƙauye. Washegari ga ta a bakin kasuwar Saminaka ko Giwa ko Dandume, ana neman a yi mata lodin masara zuwa Dawanau. A-kori-kura ma haka: yau jarkokin mai, gobe awaki, jibi maganin feshi, gata wake. Kowane kaya kuwa sai ya bar sauransa a baya. Babu manomin da zai zuba sabon gero a rumbun da bai share ba, bai yaɓe tsagarsa ba. To ita ma mota rumbu ce, taya kawai ta fi shi.

Abubuwa uku ne ƙazamar mota ke jawo wa hatsi. Na farko wari. Hatsi yana shan wari, balle mai maiƙo irin gyaɗa da riɗi da waken suya, gari kuwa ya fi su duka. Mai saye zai huda buhu, ya ɗebo a tafin hannu, ya kai hanci. In ya ji gas ko kananzir ciniki ya lalace, domin wannan wari shanya ba ta fid da shi, har a cikin tuwo a ke jin sa.

Na biyu ƙwaro. Ƙwayoyin da su ka zube su ka maƙale a tsakanin katako da katako, ko a kusurwar bodi, nan gidansa ya ke. Ƙwaron wake kan manna ƙwansa a jikin ƙwaya, tsutsa ta huda ta shiga ta yi ta ci daga ciki, in da zafi cikin mako uku zuwa huɗu ta fito ta zama uwa. Ke nan tsohon wake cikin tafi ɗaya a lungun mota ya isa ya zama iri ga lodi guda. Kada a ɗauki wannan wasa. Akwai wani ƙwaro mai huda masara da busasshen rogo har da katako, asalinsa Meziko da Amurka ta Tsakiya. A ƙarshen shekarun 1970 ya ɓulla a Tanzaniya, a 1984 aka gan shi a Togo, daga nan ya bazu a Afirka ta Yamma. Ba da fiffikensa ya haye teku ba, a cikin kaya aka ɗauko shi. Wanda jirgin ruwa ya kawo, mota ce ke raba shi kasuwa-kasuwa.

Na uku danshi, kuma a nan mu ke so a buɗe kunne. Wanda ya wanke mota ya yi lodi tana jiƙe, gara wanda bai wanke ba. Buhunan ƙasa su sha ruwa, a jibge su a sito, hunhuna ta kama. Wata hunhunar masara da gyaɗa tana haifar da dafin da masana ke kira afalatoksin, wanda ke lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe shi. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 su ka mutu a Ingila saboda ƙuli-ƙulin gyaɗa mai wannan dafi da aka kai daga Birazil, daga nan aka gano shi. A 2004 mutum 125 su ka rasu a Kenya bayan sun ci masarar da ta yi hunhuna. Wannan ya wuce maganar riba da faɗuwa.

To yaya za a yi wankin? Shara ce farko, a bushe, kafin ɗigon ruwa ya taɓa bodi. Dalili, siminti in ya ga ruwa daskarewa ya ke yi, taki kuma narkewa ya ke yi ya shige tsaga ya yi ta cin ƙarfe. A sami tsintsiyar kwakwa mai ƙarfi, da ƙusa ko tsinke a bi tsaga ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙulo abin da ke ciki. Sharar nan kada a zubar da ita a bakin sito, a kai ta nesa a ƙone. Inda mai ya zuba, a barbaɗa toka ko yashi ko ɓuntun shinkafa, a bari ya tsotse, a share, a sake. Sa'an nan a kawo ruwa, mai zafi in da hali, da omo ko sabulun salo, a goge da tsintsiya daga wajen kai zuwa baya. A tsai da motar a gangare domin ruwan ya fita da kansa. A ɗauraye har kumfa ta ƙare, domin ƙamshin omo ma hatsi yana ɗauka, kuma mai sayen gari ba ya son tuwo mai ƙamshin wanki.

In dabbobi ta ɗauko, sai an kankare kashi, an wanke da sabulu, kana a bi da ruwan da aka ɗiga wa Hypo, a ɗauraye. Masu riɗi su kula da wannan ƙwarai, domin kayansu ƙetare ya ke zuwa, can kuwa ana auna shi a ga ko yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga kashin dabbobi da na tsuntsaye. Amma a kiyaye: kada a haɗa Hypo da lemun tsami ko ruwan khal, kada kuma a zuba shi a kan sauran taki. Haɗin nan yana ta da iska mai guba, tana shaƙe mutum, balle a motar da ke rufe.

Bayan wanki sai rana. A buɗe ƙofofi, a yaye tamfol, a bar ta. Ƙarfe yana saurin bushewa, katako kuwa yana riƙe ruwa a ciki alhali samansa ya bushe. A shimfiɗa busasshen buhu a kai, a danne da dutse na ɗan lokaci, in an ɗaga an ji sanyin danshi to da saura. Rana kanta magani ce. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka sun nuna cewa zafin digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwaron wake, da shi da ƙwansa da tsutsarsa. Allah kuwa Ya hore mana rana kyauta. Shi ma tamfol a baje shi, a share ciki da baya, a wanke, a duba huda, kada a naɗe sai ya bushe. Kafin buhun farko ya hau, a shimfiɗa tabarma ko leda mai tsabta.

Wajen zaman direba ma yana da hakki. Ɓawon gyaɗa da guntun burodi da ke ƙarƙashin kujera su ne ke gayyato ɓera da kyankyaso, ɓera kuwa in ya gama da abinci waya ya ke komawa ci. A fid da shimfiɗun ƙafa a kakkaɓe, a bubbuga kujeru, a goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan. Tsohon buroshin haƙori ya isa lungunan da yatsa ba ya shiga. In akwai wari, a zuba gawayi a kwano a bar shi ya kwana a ciki. Gilashi kuma ruwa da ɗan lemun tsami, a goge da tsohuwar jarida, sai dai a duba kada ta zama mai ɗauke da aya ko sunan Allah. Fitilar gaba ta roba in ta yi hazo, makilin da tsumma mai laushi suna rage shi. Farin garin da ke taruwa a kan batir, a kashe mota, a jiƙa kanwa a ruwan ɗumi a goge shi, a kiyaye ido, kada kuma ruwan ya shiga cikin batir. Ƙaiƙayin da ke toshe lagireto har mota ta riƙa zafi, a jira inji ya huce a cire shi a hankali. Motocin yanzu suna da kayan lantarki da yawa, kada a sheƙa wa inji ruwa da bokiti.

Jikin mota daga waje, musamman da hunturu, a fara zuba ruwa ƙura ta sauka kafin a sa tsumma. Wanda ya goge ƙura a bushe, fenti ya ke kankarewa. A wanke a inuwa, da safe ko da yamma, daga sama zuwa ƙasa, taya ce ƙarshe, kuma tsummanta daban. Toka da soson ƙarfe na tukunya ne, ba na fenti ba.

Abu biyu mu ke roƙo a bari. Ɗaya, wanke bodi da fetur ko kananzir. Ga haɗarin gobara, ga warin da mu ke gudu an kawo shi da hannu. Na biyu, fesa fiya-fiya a cikin mota a yi lodi a kai wai don a kashe ƙwaro. Buhu yana tsotsa, ƙwaya ta sha. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda an sami sauran irin wannan guba a jikinsa fiye da ƙa'ida, a 2016 kuma ta ƙara wa'adin hanin da shekara uku. Turawa sun auna sun mayar. Wanda aka sayar a gida fa, wa ya auna shi? 'Ya'yanmu ne su ka ci.

Mun san abin da malam direba zai ce. Zai ce lokaci kuɗi ne, in ya tsaya shanya wani ya shige gabansa a layi, mai mota kuma yana jiran balas. Maganarsa da gaskiya a ciki, amma a yi lissafi. Tirela mai tan 30 buhu 300 ta ke ɗauka na kilo 100. A ce goma kawai daga cikin na ƙasa su ka ɓaci. A ɗora kuɗin buhu goma a hannu ɗaya, a ɗora kuɗin omo da ladan yara biyu da rabin yini a ɗaya hannun, a ga wanne ya rinjaya. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a goma, domin mai saye in ya ci karo da buhu ɗaya mai wari, duk lodin ya ke karya wa farashi. Wake ɗaya ai shi ke ɓata gari. Shi ma mai mota riba gare shi, domin gishiri da taki da fitsarin dabbobi su ne ke huda ƙasan bodi, kuɗin walda kuwa ya fi kuɗin sabulu.

Da damina, in hadari ya haɗo babu halin shanya, to kada a jiƙa. A yi shara mai kyau, a sa toka inda mai ya ke, a shimfiɗa leda da tabarma. Motar katakon da maganin feshi ko fetur ya malale a cikinta kuwa, babu sabulun da zai fid da abin da katako ya sha. A ba direba haƙuri, a nemi wata, ita ta ɗauki bulo ko itace.

Saura wa zai ɗauki nauyi? Shawararmu ita ce a sa wanki cikin cinikin haya tun farko, a faɗa da baki kowa ya ji: mai kaya ya biya sabulu da ladan masu wanki, direba ya ba da lokaci. Ɗan kamasho ya tambayi direba abin da ya sauke na ƙarshe, ya faɗa wa mai kaya gaskiya. Dillali kada ya tsaya a ƙasa yana leƙe, ya tattare riga ya hau, ya taɓa, ya sansana, la'adarsa ai har da wannan. Yaron motar da ya yi aikin a ba shi hakkinsa a hannunsa. Shugabannin kasuwa kuma muna roƙonsu su ware fili mai ruwa da magudana, nesa da sito, kuma su tabbatar wanda ya tsaya wanki bai rasa layinsa ba. In aka yi wannan na ƙarshe, babu direban da zai ƙi.

Alhazai da malamai, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da mu ke lodi abinci ne, daga hannunmu sai tukunyar mutane, amana ce. Tsintsiya da toka da sabulu da rana ba su fi ƙarfin kowa ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai direbobinmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Wassalam.