Kuran mai tsabta ma yana barin shara

Kuna ta jin ana yabon wata sabuwar hanyar samun kuran da ake kira fizyon, wai ba hayaƙi, ba shara. To, mu tsaya mu duba.

A Kadarash, kudancin Faransa, Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu suna gina injin gwaji mai suna ITER. Aikinsa shi ne haɗe ƙwayoyin idrojen iri biyu cikin zafin da ya kai digiri miliyan 150, kamar yadda rana ke yi. Ba a sa masa uraniyom, wannan gaskiya ne.

Amma fa ƙwayoyin da ke fitowa daga wutar suna dukan bangon injin har ƙarfen ya ɗauki guba mai haskawa. In lokacin gyara ya yi, mutum bai isa ya shiga ba, robo ake turawa ya ciro abin da ya lalace. Ƙarfen da aka cire, da ƙura, da kayan aikin gyaran, duk sun zama shara. Akwai kuma tiritiyom, wanda sai bayan shekara 12 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, ga shi yana shiga ruwa cikin sauƙi.

Masana na cewa galibin sharar nan za ta huce cikin kamar shekara 100, ba dubbai ba. Madalla. Sai dai shekara 100, ai jikokinmu ne za su yi gadinta.

Mu a Nijar mun san abin da tsohon ƙarfe ke iya yi. Tun 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta gano ƙarafa masu guba ana saidawa a Arlit, inda talaka ke sayen irinsu ya rufe ɗaki. An rufe COMINAK a 2021, an bar wajen tan miliyan 20 na dusar uraniyom a Akokan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ba mu ƙin ci gaba, mu da muka san zafin Afrilu ba kuran. Amma duk wanda ya zo da maganar santiral, ko fizyon ko wata, a tambaye shi tun kafin a sa hannu: ƙarfen da aka cire, ina za a aje shi, wa zai ƙirga shi, wa zai biya gadinsa? In ba amsa a rubuce, kar a aza tubali.

Allah ya kare mu da zuri'armu.