Alƙalin Wasa Ya Busa, Ko Gwani Bai Zo Ba

Tsakanin sallar La'asar da kiran Magariba akwai abin da bai wuce awa biyu da rabi ba, kuma wannan ɗan taƙin shi ne dukan jarin mai wasan ƙwallo a Ƙaraye da Rogo, domin filayen unguwanninmu ba su da fitila. Wasa cikakke minti 90 ne, ga hutun tsakiya na minti 15. A watan Disamba, lokacin da yawancinmu ɗalibai muke gida hutu, rana kan faɗi wajen ƙarfe 6. Ashe ke nan wanda aka ce ya zo ƙarfe 4 da rabi, ya taho 5 da kwata yana tafiyar ƙasaita, ya cinye wa mutum 21 kusan rabin wasansu.

Su wane ne masu wannan ɗabi'a? Mun duba, mun ga ba manomin da ya baro gona da fartanya a kafaɗa ba ne, ba kuma yaron makaniken da sai ya roƙi maigidansa ya sallame shi ba. Waɗannan su ke fara isa, su kafa raga, su zauna jira. Masu makara su ne gwanaye waɗanda suka san ba za a fara ba sai da su, sa'an nan 'yan boko masu agogo a hannu. Abin mamaki, mutumin nan bai taɓa makara a jarrabawa ba, bai taɓa barin motar Kano ta tashi ta bar shi a tasha ba. Ya san lokaci sarai. Ya auna ne kawai ya ga 'yan'uwansa na fili ba su isa ya yi sauri dominsu ba.

Kada wani ya fake da "Afirikan tayim", ya ce gadonmu ne. Ƙarya ne! A ƙasar nan aka san gayya, kuma saurayin da ya iso gona bayan an ci rabin kunyoyi ya san abin da makaɗi zai yi da sunansa. Liman ba ya jiran kowa ranar Juma'a, komai rawaninsa.

Wasu sun ce a sa tara. Ba mu yarda ba, gama tara ciniki ce: ɗan mai hali ya biya ya sayi makararsa, talaka ya ci gaba da jira. Haka nan ba mu neman irin horon Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984, sa'ad da sojojin Buhari da Idiagbon suka riƙa sa ma'aikata tsallen kwaɗo. Da gwamnatin ta faɗi a 1985, kowa ya koma gidan jiya.

Laifin ya fi yawa a wuyan kyaftin-kyaftin, masu tsoron ɓacin ran gwani. Dokar ƙwallo ta yarda a yi wasa da mutum 7 a kowane gefe. To, in 14 sun hallara, me ake jira? A daina cewa "bayan La'asar", maganar da kowa ke ja kamar roba. A faɗi ƙarfe da minti. Wanda ya iso bayan usur ya zauna a bakin fili har hutun tsakiya, ya kalli ƙaninsa yana buga gurbinsa. Ƙila a sha kashi sau ɗaya ko biyu, amma Raka Robas da ta ɗauko wa Kano kofin ƙasa a 1978, da Kano Pillars da ta ɗauka sau 4 tsakanin 2008 da 2014, sun shiga gasar da ba a ɗaga wa kowa ƙafa in ya makara. Yaron Rogo mai mafarkin buga wasa a filin Sani Abacha gara ya saba tun daga gida.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban Ƙaraye da Rogo su rubuta wannan ƙa'ida kafin gasar hutu mai zuwa, su karanta ta a fili ranar buɗewa, su fara zartar da ita a kan 'yan wasansu.