Yaran Bayan Yaƙi da Akwatin Gidan Maƙwabci

Yaron da yake da shekara biyar ko shida a ranar 15 ga watan Janairu na 1970, watau ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasar Nijeriya, yau ya ba sittin baya, furfura ta kama shi, jikoki suna hawa kansa. Idan aka tambaye shi abin da ya riƙe na wannan rana, da wuya ya kawo zancen Barikin Dodan ko sunan Philip Effiong, domin waɗannan sai daga baya ya gamu da su a littafin makaranta. Abin da ya fi zama a ransa shi ne akwatin rediyo a bisa tabarma a ƙofar gida, manya sun kewaye shi sun yi tsit, ana daka wa yara tsawa su daina surutu Janar Gowon zai yi jawabi. Ta wannan akwati labarin zaman lafiya ya shigo musu gida, kuma ta cikinsa ne suka fara sanin ƙasarsu, tun ba su taɓa wuce tashar motar garinsu ba.

Rediyo dai ya girme su. Tun 1944 aka kafa rediyon waya a Kano, irin wanda ake jawo waya daga tasha zuwa wani akwati da ake kafewa a bango, mai gida yana biyan kuɗin wata, ba shi da ikon sauya tasha, iyakarsa ya ƙara murya ko ya rage. Abubuwa biyu ne suka sauya al'amarin. Na farko shi ne zuwan ƙaramin rediyo mai batir, wanda Bafillace zai rataya a kafaɗa ya bi shanunsa, mai shayi ya ɗora kusa da gwangwanin madara. Na biyu kuwa shi ne buɗe Gidan Rediyo da Telebijin na Kaduna a 1962. Batir kuwa abu ne mai daraja. In ya yi sanyi ba a yar da shi, sai a shanya a rana a sake mayarwa, ko ya ƙara kwana biyu, kuma yaron da ya kuskura ya kunna rediyon mahaifinsa ba da izini ba ya san abin da zai biyo baya.

A kan gajeren zango, mita 49, muryar Kaduna tana kaiwa inda motar gidan waya ba ta kai ba. Ga Bahaushen da ke fataucin goro a Shagamu, ko mai sayar da shanu a Agege, ko ɗan unguwar Sabo ta Ibadan, har da mazauna zangunan Kumasi, Rediyon Kaduna tamkar wasiƙar gida ce da ke zuwa kullum. Yaran da aka haifa a waɗannan wurare, waɗanda suke tashi da Yarbanci a baki, da yawansu a nan suka gyara Hausarsu. Filin Zaɓi Sonka kuwa ba a magana. Mutum zai aika da katin gaisuwa, ya yi makonni yana saurare, ranar da aka karanta sunansa da na masoyansa sai unguwa ta ɗauka, ya wuni ana yi masa barka kamar wanda ya dawo daga Makka.

Inda rediyo ya fi yin aiki a zukatan yaran nan shi ne wajen kiɗa da waƙa. Kafin zuwansa, wanda yake son jin kotson Musa Ɗanƙwairo sai ya kusanci fada ranar salla, wanda yake son jin kalangun Mamman Shata sai ya dace da bikin wani mai hali. Rediyo ya rushe wannan shinge, ɗan talaka a ƙauye ya ji abin da sarki yake ji, a lokacin da sarki yake ji. Kiɗan amada, wanda a da na cikin gida ne, mata ke yi wa mata da ƙwarya a bisa ruwa, ya fito fili da muryar Barmani Coge, har mazan da ke cewa ba ruwansu da shi suka riƙa gyaɗa kai a ɓoye. Ga gurmin Haruna Uji, ga kukumar su Ali Makaho, ga Ɗan Anace yana zuga 'yan dambe har yaro ya ji kamar ya naɗe hannu ya shiga fage. Amma wanda ya fi shiga ran yara shi ne Ɗan Maraya Jos, watakila don kayan kiɗansa ya yi kama da abin da su ma za su iya haɗawa: kuntigi, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tak. Shi kaɗai, ba 'yan amshi, yana yi wa karen mota waƙa da sauran waɗanda ba a saba yi wa waƙa ba. Bayan kowace fitowarsa sai gwangwanayen kifi su yi wuya a bola.

Hukuma ma ta gane ƙarfin wannan hanya. Lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga watan Afrilu na 1972, da lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga watan Janairu na 1973, ta bakin mawaƙa da masu shela a rediyo akasarin jama'a suka fahimci abin da ake ciki. Sau da yawa yaro ne ke yi wa kakarsa lissafin sule nawa ke cikin naira, don shi ya haddace abin da akwati ya faɗa.

Akwai kuma wani kiɗan da ba a rediyon gida yaran suka fara jinsa ba. Da yaƙi ya ƙare, 'yan kabilar Ibo da suka bar Arewa a 1966 suka fara komowa Sabon Garin Kano da na Zariya, da Jos da Kaduna, waɗansu suka tarar maƙwabta sun riƙe musu gidajensu da kuɗin haya, waɗansu kuwa suka tarar ba kome. Cikin sana'o'in da suka kama har da sayar da faifan garmaho da gyaran rediyo, kuma kowane kanti yana da lasifika a ƙofa tana tashi tun safe. Yaron da aka aika sayen kananzir sai ya tsaya ya sha waƙar Rex Lawson ko ta Victor Uwaifo, ya koma gida a makare ya sha bulala. A 1976 da Prince Nico Mbarga ya fito da faifansa na Sweet Mother daga Anaca, babu lungun da bai shiga ba, yara suna rerawa da irin Turancin da kunnensu ya ba su. Haka suke yi wa waƙoƙin Indiya na su Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar, waɗanda suke tsinta daga bayan katangar siliman Plaza ko Orion a Kano, tun da ba kowane uba ne zai yarda ɗansa ya taka ƙofar silima ba. Manya suna da tabon yaƙi a zuciya, kuma suna da dalilinsu. Yaran kuwa tun ba su san wane ne ya yaƙi wane ba sun riga sun iya waƙar juna.

Telebijin ya zo musu a hankali. Ibadan ce ta fara a 1959, Inugu ta bi a 1960, Kaduna a 1962, amma har ƙarshen yaƙi akwatin na manyan ma'aikata ne da attajirai. Mutanen ƙauye kuwa sai majigi, in motar hukuma ta zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ta nuna Baban Larai. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a farkon 1975 tare da ariyas na watanni. Cikin ɗan lokaci kantuna suka cika da masu sayen babur da rikoda da akwatin telebijin mai hoto baƙi da fari, irin mai ƙafafu huɗu da ƙofar katako da ake zugewa, wani har da makulli. A wannan shekara tashar Jos ta fara watsa hoto mai launi, a 1977 kuma Gwamnatin Tarayya ta haɗa tashoshin ƙasar duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda aka sani da NTA.

Ko da hakan, a unguwa guda da wuya a sami akwati fiye da biyu ko uku, kuma a nan ne abin tunawa yake. Tasha ba ta buɗewa sai da la'asar. Tun kafin lokacin yara sun yi wanka, ko aƙalla sun wanke ƙafa, domin uwar gidan mai akwati ba ta barin mai ƙura ya hau mata leda. Ɗan gidan ya zama sarki, wanda ya yi faɗa da shi da rana ya san a taga zai yi kallo da dare. Mai gida mai kirki yakan fito da akwatin tsakar gida ko ƙofar zaure, a shimfiɗa tabarmi, manya a baya, yara a gaba. In hoto ya fara rawa sai a tura wani ya hau ya juya eriya, ana yi masa ihu daga ƙasa, ya yi, bai yi ba, koma baya kaɗan. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar kokawar Mighty Igor, salatin da za a saka sai a ji shi a unguwa ta gaba. A irin wannan tabarma, musamman a bariki da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da Sabon Gari, ɗan Bahaushe da ɗan Ibo da ɗan Tibi suka zauna kafaɗa da kafaɗa shekaru kaɗan bayan iyayensu sun ajiye bindiga.

Abin lura ne cewa wasannin ban dariya biyu da suka fi tashe a zamanin, dukansu 'ya'yan yaƙi ne. Sojan Nijeriya, da ba su wuce kimanin dubu goma ba kafin 1967, sun kai wajen dubu ɗari biyu da hamsin a ƙarshen yaƙin, saboda haka babu garin da bai san soja ba, kuma ba kowa ne yake jin daɗin saninsu ba. Sai ga Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya fito da Samanja Mazan Fama daga Kaduna, da gashin baki da tsawa da Hausar bariki gauraye da Turancin buroka. Ya ba jama'a damar su yi wa kaki dariya a zamanin da soja ke mulki, su kansu sojan kuma suna cikin masu dariyar. Can a Inugu James Iroha ya ƙago wasan Masquerade, wanda Chika Okpala ya fito a cikinsa a matsayin Zebrudaya, don mutanen da suka sha wuya su sami abin murmushi. Da aka haɗa tashoshi sai kowane ya tsallaka ɓangaren ɗan'uwansa. Haka Ƙasimu Yero, wanda masu jin Hausa suka sani a Karambana, ya zama sananne har bakin teku saboda fitowarsa a Cock Crow at Dawn, da aka fara a 1980 a wajen Jos. Ga Karkuzu a Jos, ga Kuliya Manta Sabo a Kano, ga Idon Matambayi a Sakkwato, kowane gari da abin alfaharinsa.

Masu begen wancan zamani sukan yi zancensa kamar ba a taɓa kuka a cikinsa ba, alhali kuwa an yi. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kori mutane daga ƙauyukansu. Kuɗin Udoji da suka sayo akwatin su ne suka tada farashin kaya a kasuwa, manomin da bai karɓi ko kwabo ba shi ma ya biya. 'Yan mata da yawa suna talla ko aikin gida lokacin da 'yan'uwansu maza ke gaban akwati. Kuma rediyon da ya kawo albishir a 1970 shi ne ya wayi gari da kiɗan soja ranar Juma'a 13 ga watan Fabrairu na 1976, Laftana Kanar Dimka yana magana daga Ikko, kafin a tabbatar wa jama'a an kashe Janar Murtala Muhammad. Tun daga ranar, yaran nan suka koyi cewa in aka ji badujala da sassafe ba dalili, to, a dubi fuskar manya.

Abin da ya kamata ya dami masu begen, fiye da kwatanta jiya da yau, shi ne ina kayan suke. Shirye-shiryen farko na telebijin kai tsaye ake watsa da yawansu, ba a ɗauka. Waɗanda aka ɗauka kuwa, da yake tef yana da tsada kuma daga waje ake kawo shi, sau da yawa akan goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Abin da ya tsira yana fama da zafi da ƙura da laima, kuma na'urorin da za su iya karanta irin wannan tef sun zama sai an tona. Masu wasan da mawaƙan su ma suna ta tafiya: Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025. Allah ya jiƙansu. Kowanensu ya tafi da labarin yadda aka yi abin, wanda ba a rubuta ba.

Akasarin tsofaffin waƙoƙin da matasa ke turawa juna a waya yau, daga kaset ɗin mutane aka kwaso su, irin wanda wani ya danna rikoda ya ɗauka daga rediyo shekara arba'in da suka wuce, shi ya sa a tsakiyar waƙa akan ji muryar mai gabatarwa ta kutso, ko kukan zakara. Irin waɗannan kaset har yanzu suna nan da yawa cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gadajen tsofaffi, a Fagge da Tudun Wada da Agege, kuma in mai su ya rasu, magada sukan raba tufafi da filaye, su zubar da kaset a matsayin tarkace. Jami'o'in da ke da sassan nazarin Hausa, irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, tare da gidajen rediyon jihohi, suna da ikon su yi shela a kawo musu su, a juye a kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da shekara da wurin da aka ɗauka, sa'an nan a mayar wa mai kaya kayansa. Kaset ɗin da aka ɗauka a shekarar da aka biya Udoji yanzu ya cika shekara hamsin, kuma zaren cikinsa ya fara manne wa juna.