Mu daina neman a yi wa alƙali waya



Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar wata cikinmu ta shiga kotu, kan gado ne, ko khul'i, ko riƙon yara, ko kuɗin adashi, sai ki ji ana cewa, "Hajiya, ki sa Oga ya yi wa alƙali magana mana." Don Allah mu daina.

Na san zafin abin. Mace ta rufe sana'arta, ta ari kuɗin a-daidaita-sahu, ta wuni kan benci da goyo, sai a ce an ɗage zama. Wata uku, wata shida, har ta gaji ta bar haƙƙinta. Wannan zalunci ne, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa damar a saurare shi cikin adalci, a lokacin da ya dace.

Amma 'yar'uwa, tsaya ki duba wadda ke ɗaya ɓangaren. Sau tari ita ma mace ce: kishiya, ko uwar marayu da ba ta san kowa a gidan gwamnati ba. In waya ta ba ki nasara, haƙƙinta kika ci. Kuma mulki juyi-juyi ne. Ranar da wayar ta koma hannun wasu, wa za ki kai wa kuka?

Ku tuna wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa Al-Ash'ari, inda ya umarce shi ya daidaita masu shari'a har a wurin zama da sakin fuska, don kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada mai rauni ya fid da tsammani. Batun cin hanci kuwa, mai bayarwa da mai karɓa duka an la'ance su. "Kuɗin goro" ma sunansa ke nan.

To me za mu yi? Mu adana takardu: takardar saki, ta fili, shaidar bashi. Duk kuɗin da kika biya a kotu, ki karɓi rasit. In hukunci bai gamsar da ke ba, ki ɗaukaka ƙara da wuri, domin akwai wa'adi. In alƙali ko magatakarda ya nemi wani abu, a rubuta koke zuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha. Marar hali ta nemi Legal Aid ko lauyoyi mata na FIDA.

Mu kuma shugabannin mata, mu raka 'yar'uwa kotu, mu zauna bayanta, mu haɗa mata kuɗin mota. Wannan ne gatan da ya halatta.

Allah Ya ba mai gaskiya gaskiyarta. A tura wa sauran 'yan'uwa.