Gani Ya Kori Ji: Darasin Kimiyya Daga Littafin Jagoran Wasan Bidiyo

A shekarun 1980 da 1990, kaset ɗin wasan bidiyo na asali yakan zo da wani ɗan littafi a cikin kwalinsa, wanda ke bayyana dokokin wasan da makaman da ke ciki da kuma lagon kowane abokin gaba. Yaran da ke cika gidajen gem na Wudil a yau, ko masu wasa a wayar hannu, da wuya su taɓa ganin irin wannan littafi. Amma duk da haka tarihinsa na ɗauke da darasin da ya kamata malamin kimiyya ya kai aji, domin sau da yawa abin da littafin ya faɗa daban, abin da na'urar ke aikatawa daban.

Misali na farko shi ne wasan The Legend of Zelda, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1986. A cikinsa akwai wani dodo mai manyan kunnuwa kamar na zomo, ana kiransa Pols Voice, wanda littafin jagora ya ce ba ya jure ƙara. A Japan wannan magana gaskiya ce, domin na'urar Famicom tana da makirufo a jikin abin sarrafawa na biyu, da zarar mai wasa ya yi ihu a ciki sai dodon ya mutu. To, da aka kai wasan Amurka a 1987, na'urar da ake sayarwa a can ba ta da makirufo, amma littafin da aka fassara bai cire maganar ƙara ba. Sai yara suka yi ta busa wa dodon sarewar da ke cikin wasan, ko gezau bai yi ba, alhali kibiya guda ta isa ta kashe shi. Bayani ne da aka ɗauko daga inda ya dace aka kai inda bai dace ba.

Misali na biyu shi ne wasan Final Fantasy na kamfanin Square, wanda ya fito a Japan a 1987, a Amurka kuma a 1990. An nuna wa mai wasa takubban da aka ce suna da ƙarfi na musamman a kan wasu nau'o'in dodanni, amma saboda kuskure a umarnin da aka rubuta wa na'urar, wannan ƙarfi bai taɓa aiki ba. Haka kuma akwai wani sihiri da aka ce yana rage wa abokin gaba iya kauce wa sara, ashe ƙara masa yake yi. A nan littafin ya bayyana abin da masu wasan suka yi niyya, kuskuren aiki ne ya hana niyyar tabbata.

Misali na uku kuwa shi ne wanda aka fi sani a ƙasar Hausa, wato kaset ɗin jabu da suka cika kasuwanni a shekarun 1990, masu rubutun wasanni 9999 a kaset guda. Da yaro ya zauna ya bi jerin sai ya tarar wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa, an sauya musu suna ko launi ko matakin farawa. Wannan ba kuskure ba ne, dabarar cin kasuwa ce, kuma ba ta mutu ba. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wasu tallace-tallacen wasannin waya na Homescapes da Gardenscapes, saboda abin da suke nunawa bai wakilci ainihin wasan ba.

Abin lura shi ne yadda aka gano waɗannan kurakurai. Masu wasa ne suka yi shakka, suka maimaita faɗa iri ɗaya sau da yawa, yau da wannan takobi, gobe da wancan, suna rubuta sakamako, daga baya masu ilmin kwamfuta suka buɗe umarnin na'urar suka ga inda gizo ke saƙar. Sauya abu guda, a bar sauran yadda suke, a maimaita, a ƙirga: wannan ita ce hanyar gwaji da ake koyarwa a darasin kimiyya.

Littafin ilmin halittu ma jagora ne, halittar ita ce na'urar, kuma irin waɗannan kurakurai sun taɓa shiga cikinsa. A 1923 Theophilus Painter ya ƙirga zarurrukan gado da ake kira kuromosom a ƙwayar halittar ɗan Adam, ya ce 48 ne. Littattafai suka yi ta kwafar wannan adadi har shekara 33, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, a garin Lund na ƙasar Suwidin, suka sake ƙirgawa da ingantacciyar hanya suka sami 46. Haka nan taswirar harshe, wadda ke cewa zaƙi a gaban harshe kawai ake jinsa, ɗaci kuma a can baya. Asalinta binciken wani Bajamushe ne, David Hänig, a 1901, wanda ya sami ɗan bambanci ƙalilan tsakanin sassan harshe. Da aka sake zana sakamakonsa cikin wani littafin Ingilishi a 1942, sai aka fahimce shi a karkace, har sai da Virginia Collings ta sake gwajin a 1974 ta nuna cewa duk sashen harshe mai jin ɗanɗano yana jin kowane ɗanɗano.

Ba sai an je Turai ba. Bayanin da ɗalibi ke haddacewa shi ne itatuwan sarari kan zubar da ganye da rani domin tattalin ruwa. Manomin Wudil kuwa ya san gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani, shi ya sa gero da dawa ke yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma su sami 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Ƙa'idar littafin ba ƙarya ba ce, amma gawo ya fita daga cikinta.

Wani zai ce wannan magana za ta sa ɗalibai su raina littafi da malami. Wannan damuwa tana da tushe, domin yaron da ya kasa kashe dodo sau ɗaya ya ce littafi ƙarya ne, ragwanci ne ya yi magana. Mafi yawan abin da ke cikin littafin jagora daidai ne, kuma ba don shi ba da babu wanda zai san abin da zai gwada. Wanda ke son ƙaryata littafi shi ne ke da nauyin kawo hujja, hujjar da wani zai maimaita ya sami abin da ya samu. Wannan tarbiyya ce mai wuya, ta fi haddar amsa wahala.

Saboda haka yana da kyau malaman sakandare su ware ko da darasi guda a kowane zango domin gwada jimla ɗaya daga littafin karatu. Ba a bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Sukari da gishiri da lemun tsami da ruwan shuwaka da auduga mai tsabta ga kowane ɗalibi sun isa a gwada taswirar harshe cikin minti 40. Littafin rubutu guda ya isa a bi gawo ɗaya da wata bishiya da ke kusa da shi tun daga Yuni har Janairu, ana rubuta halin ganyensu kowane mako. Ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil za su iya taimaka wa makarantun garin wajen tsara irin wannan aiki.

Amfanin abin ya wuce jarrabawa. Ɗalibin da ya gane cewa kaset mai wasanni 9999 yaudara ce, shi ne zai tsaya ya yi tambaya idan ya ji mai lasifika a tasha ko ranar kasuwar Juma'a yana tallar kwalba guda mai maganin ciwon suga da hawan jini da basur da shawara. A wasa, wanda ya gaskata bayanin ƙarya ransa na cikin allo ya rasa, sai ya sake farawa. A sha'anin magani da takin zamani da irin shuka, asarar ta gaske ce. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma aikin makaranta ne ta koya wa yaro yadda zai duba da kyau. Allah Ya ba malamai ikon sauke wannan nauyi.