Horon Ma'aikata Ya Koma Cikin Waya

Manyan kamfanoni da bankuna na Ikko da Fatakwal da yawa sun mai da horon ma'aikatansu kan intanet. Ma'aikaci ya buɗe darasi a wayarsa, ya ɗauki jarrabawa, kwamfuta ta ajiye sakamakonsa, shugabanni kuma su duba shi ran da za a yi ƙarin girma. Wanda bai shiga ba, ko ya shekara 20 yana gadi ko tuƙi, babu sunansa.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a Arewa. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horad da malamai suna bakin aikinsu. Jami'ar karatu daga gida, wadda aka dakatar a 1984, ta farfaɗo a 2002.

Saboda haka ya wajaba Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi ta shirya gajerun darussan sana'a da Hausa da Turanci, masu takardar shaida, waɗanda ƙaramar waya za ta ɗauka. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Ibadan kuwa su tanadi ɗakunan karatu masu lantarki. In ba haka ba, ɗan Arewa zai tsufa a bakin ƙofa, ƙannensa suna wuce shi.